Wata guda ina cin sitiroberin Jos kullum, ga abin da gwajin jinina ya nuna

Tun bara nake son rubuta wannan abin amma sai in dinga jin nauyi, dan maganar ƙiba ba kowa ke son a taɓo masa ba, ni kaina akwai lokacin da in aka ce min "kai wance kin ƙara jiki fa" sai in wuni raina a ɓace. Shekarata 42, yarana biyar, ɗinki nake yi a gida a nan Jos, kuma duk wadda ta san zaman keke ta san yadda yake, in kika zauna da hantsi sai dai kiran sallah ya tashe ki, ga lemon kwalba a gefe ga cincin a roba, haka shekaru suka yi ta tafiya jiki yana ta ƙaruwa, mutane kuma suna cewa hutu ne, maigida ya iya kiwo.

Abin da ya tashe ni tsaye yayata ce. Tana da shekara 49 ta samu shanyewar ɓarin jiki, da safe tana haɗa wa yara abin kari kawai bakinta ya karkace kofi ya suɓuce a hannunta. Likitoci suka ce hawan jini ne da ya daɗe yana cinta ba a sani ba, ga suga ga kitse a jini. Sati uku nayi ina kwana da ita a asibiti, ni ke juyata ni ke goge mata jiki, kuma duk dare in ta yi barci sai in zauna ina kallonta ina tuna cewa jikinmu iri ɗaya ne, na gidanmu ne, har kaya muke musanya. Ranar da aka sallameta ban koma gida ba saida na yanki kati na ga likita da kaina.

Aka ɗora ni a sikeli kilo 94, tsayina mita 1.62, likita ta buga lissafi tace BMI ɗina ya kusa 36. Nace menene shi kuma, tace ana ɗaukar nauyin mutum ne a raba da tsayinsa sau tsayinsa, daga 25 an fara cewa nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin ciwo. Ta ɗauko tef irin wanda nake auna kwastomomi da shi ta zagaya min ciki, santimita 108, tace mace in ta wuce 88 ana fara damuwa, dan kitsen ciki yafi na cinya da na ɗuwawu haɗari nesa ba kusa ba. Awon jini 138 bisa 88, sugan safe kafin cin abinci 5.9, wato bai kai ciwon suga ba amma ya baro lafiya, kolestarol ɗin nan mara kyau da suke kira LDL shima ya ɗan hau. Tace "Hajiya har yanzu da sauran lokaci, bazan ɗora ki kan magani yanzu ba, amma ki dawo min bayan wata biyu in gani."

Autarmu ce ta kawo maganar sitiroberi. Tana digiri na biyu a fannin sinadaran jikin ɗan adam, kuma ita in ta fara bayani sai kin ce dan Allah a hankali. Ta zo gidana da yamma na nuna mata takardun, ta gama dubawa tace "Yaya akwai wani abu da wannan takardar bata nuna ba, tsatsar cikin jiki." Ta ɗauko farin goron da Hajiyarmu ta bari a faranti ta gutsura ta ajiye, muna hira kafin a jima wajen da ta gutsura ya koma ja-ja. Tace kinga wannan, iska ce ta taɓa shi, haka dankalin Turawa ke yin baƙi in kin fere kin barshi, haka man gyaɗa in ya daɗe a galan yake fara wari yana maƙaƙi a wuya. Tace misali ne kawai amma kusan haka ke faruwa a jiki, duk lokacin da jiki ya ƙona abinci da iskar oksijin da muke shaƙa sai wasu ƙananan abubuwa masu zafin kai su fito, su ake ce wa firi-radikal, in sun yi yawa sai su dinga cin kitsen da ke jikin ƙwayoyin halitta da wanda ke yawo a jini. LDL ɗin nan in ya yi tsatsa yafi saurin maƙalewa a bangon jijiya, daga nan hanyar jini ke fara tsukewa.

Nace to ina ruwan ƙiba a ciki. Tace ai nan ne maganar take, kitsen ciki ba zaune kawai yake kamar buhu a sito ba, aiki yake yi, yana fitar da sinadaran kumburi cikin jini, ɗaya daga ciki sunansa TNF-alfa, shiyasa mai ƙiba yawanci tsatsar tafi yawa a jikinsa, masu kare shi kuma sun gaji. Masu karewar su ne antiyoksidan. Abin da ya bani mamaki, ni a da na ɗauka antiyoksidan abu ne da ake saye a kemis ko a sha a koren shayi, ashe manyan cikinsu jiki ne ke ƙera abinsa, akwai SOD, akwai katalas, akwai gulutatayon, tace ki ɗauke su kamar 'yan sintirin unguwa. Shi kuma jan kalar nan na sitiroberi, sunansa antosayanin, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini yadda yake, mafi yawa ƙwayoyin cikin hanji ne ke farfasa shi, gutsattsarin su shiga jini su je su taɓa ƙwayoyin halitta su ƙara ƙera nasu 'yan sintirin. Wato ba wai jan abin ne zai je ya yi faɗan da kansa ba, tashin masu gadi yake daga barci. Wannan bayanin ya zauna min a kai sosai, har yau da shi nake gane abin.

Sai ta buɗe wayarta ta karanto min aikin wata mai bincike a Amurka, Arpita Basu, ta Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, wanda aka buga a 2021. Manya ne masu ƙiba da alamun matsalar suga da kitsen jini, mutum 33 suka kammala, aka yi sati 14 ana abin. An daskarar da sitiroberi aka zuƙe ruwan aka mayar da shi gari, kowa a cikinsu ya yi sati huɗu yana shan gram 13 kullum, ya yi wani sati huɗun yana shan gram 32, ya yi wani kuma yana shan garin bogi mai kama da shi, tsakanin kowane zango a huta sati ɗaya, kinga kenan kowa da kansa ake gwada shi. Da aka auna jini sai aka ga ƙarfin antiyoksidan na ruwan jini ya ƙaru, aikin SOD ya ƙaru, tsatsar kitse ta ragu, kuma a ƙaramin awon da babban duka. Sinadaran kumburi irin su TNF-alfa kuwa sai a babban awon suka sauka. Tace ita matar tun 2010 ta yi irinsa da buluberi, wani ƙaramin ɗan itace mai launin shuɗi, a Oklahoma, mutum 48 sati takwas, gram 50 na gari kullum, awon jini na sama ya sauka da wajen kashi 6 cikin 100, LDL mai tsatsa ya ragu. A Ingila ma Jami'ar East Anglia sun yi na wata shida aka buga a 2019, masu cin kofi guda na buluberi kullum, gram 150, jijiyoyinsu sun fi buɗewa da laushi, masu cin rabin kofi ba a ga wannan amfanin ba, kuma yadda jikinsu ke karɓar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, bai canza ba.

Na tambayeta abin da kowace mace irina zata tambaya, nace sun rame? Tace "A'a Yaya, ba maganin rama bane, kar ma ki sa rai." Gaskiya raina ya ɗan sosu a lokacin, amma daga baya na gode mata da bata yi min daɗin baki ba.

Buluberi dai sai manyan kantuna, daga waje ake kawo shi kuma kuɗinsa ba na talaka bane, amma sitiroberi Allah Ya bamu shi a nan Filato, tudun Jos ya haura mita 1,200 shiyasa sanyinmu ke karɓarsa, kuma lokacin muna cikin Janairu kakarsa ce tsaf. Ƙanwata ta yi lissafi, tace sitiroberi kusan kashi 91 cikin 100 ruwa ne, dan haka gram 13 na gari ya kama wajen gram 150 na ɗanye, kofi guda kenan, gram 32 kuma wajen gram 350. Na zauna da Abban yara muka duba aljihu, babban awon kullum har wata guda bazai yiwu ba ga kuɗin makaranta, muka tsaya a kofi guda, ranar da ɗinki ya yi kyau in ƙara. Na koma wajen likita na faɗa mata, tace babu laifi abinci ne, amma in fara da ƙwaya biyu uku in gani dan akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayin baki ko ƙuraje, kuma kar in ɗauka ya maye gurbin dawowar da tace in yi.

Sharaɗin da ƙanwata ta kafa min shi ne ya fi wuya. Tace in muna so mu ga aikin sitiroberin shi kaɗai to kar in canza komai, tuwon da nake ci in ci, yadda nake zama in zauna, sai dai sati biyu kafin a fara in ajiye zobo da koren shayi da ƙwayar bitamin C da nake sha lokacin sanyi, dan kar su rikita awon. Ni kuma a lokacin tsoro ya cika min ciki so nake in canza komai a rana ɗaya, muka ɗan ja da ita, daga ƙarshe na yarda tunda wata ɗaya ne kawai.

Neman inda za a auna ɗin ma aiki ne. Na je ɗakin gwaji biyu na cikin gari duka suka ce su suga da kolestarol da aikin ƙoda da hanta suke yi, wannan na masu bincike ne, ɗaya ma kallona ya yi kamar na zo da wani yare. Sai ta hanyar ƙanwata muka samu wani malami mai kula da ɗakin gwajin da ɗalibai ke kai aikinsu, yace zai yi mana guda uku in mun biya kuɗin sinadaran, MDA da SOD da jimillar ƙarfin antiyoksidan. MDA ɗin shi ne kamar tokar da ke saura bayan kitse ya yi tsatsa, in ya yi yawa ɓarna ta yi yawa kenan. Ranar farko na je ban karya ba, tun bayan isha'i ban sa komai a baki ba sai ruwa, ga sanyin Jos na Janairu jijiya duk ta ɓuya saida aka soke ni sau biyu. Aka bar jinin ya daskare, aka sa a wani inji mai juyawa da gudu, ja ya kwanta ƙasa wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso sama, shi aka tsiyaye a 'yar kwalba aka rubuta kwanan wata. Na ɗauka a ranar zan ji sakamako, Malam yace a'a, firiza za a sa shi sai na biyun ya zo a haɗa a auna rana ɗaya da sinadari ɗaya, in ba haka ba bambancin ranar da na sinadarin sai ya fi bambancin jinin yawa. Saida na tabbatar firizarsu tana kan sola hankalina ya kwanta.

Satin farko a bakin titi nake saye wajen masu tallan nan da ke jera shi a 'yan robobi, sai na ga kuɗin na tafiya da yawa kuma na ƙasan robar sau da yawa ya fara lalacewa, na saman ne kawai masu kyau. Ranar Asabar Abban yara ya ɗauke ni muka tafi Chaha ta wajen Vom inda ake nomansa. Ban taɓa ganin gonarsa ba duk zamana a Jos, ashe ɗan tsiro ne a ƙasa kamar gyaɗa, kunya-kunya, 'ya'yan na leƙowa ta ƙarƙashin ganye. Wata mata muka samu da 'ya'yanta suna tsinka da sassafe raɓa bata gama bushewa ba, nace "Sannu Mama, na ci nake so ba na sayarwa ba," tace to in na ci ne ki ɗauki ƙananan nan da masu ɗan karkacewa, masu kai wa Abuja basa so dan basu da kyan gani amma sun fi zaƙi kuma zan rage miki. Ita ta koya min cewa kar in wanke sai zan ci, ruwa na taɓa shi ya fara ruɓa, kar in cire koren hular kansa sai bayan na wanke, kuma in zaɓi wanda ya yi ja har wuya dan in an tsinke shi baya ƙara zaƙi kamar ayaba ko mangwaro. Na sayi na sati guda.

A gida na auna da ɗan sikelin kicin, gram 150 a kowane ƙulli, na kwana biyu a firij sauran a firiza. Kafin in ci ina jiƙa shi a ruwa da ɗan gishiri na 'yan mintoci in ɗauraye da ruwa mai kyau, saboda ƙasa da maganin feshi. Lokacin da na zaɓa bayan la'asar ne, dan lokacin ne bakina ke neman abin taɓawa. Kwanakin farko wallahi tsaminsa ya dame ni, bakin da ya saba da lemon kwalba komai sai ya ji shi salam, har na ɗauko gwangwanin madara zan zuba ƙanwata ta kira a waya kamar tana gani, tace in dai zan sa suga ko madarar gwangwani to gara in bari. Sai na koma haɗa shi da kindirmo mara suga, wanda ya daskare kuma in markaɗa a bilenda, haka yafi shiga. Yara kuwa sun sa min ido, ba yadda za a yi uwa ta zauna tana cin jan abu mai ƙamshi su biyar suna kallo, dole duk sayayya in ƙara da nasu.

Ba kullum abin ya tafi daidai ba. A sati na biyu aka ɗauke wuta kwana uku, na firiza ya narke ya zama kamar kunu, ƙulli biyu sun fara tsami na zubar, raina ya ɓaci sosai dan kuɗi ne, daga nan na koma ajiyewa a firizar maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara. A sati na uku muka je biki Bauchi kwana biyu ban ci ba. A cikin kwana 28 na ci a kwana 25, kwana shida a ciki na ci kofi biyu, duk ina rubutawa a bayan littafin awon ɗinki.

Wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Wajen kwana goma sai na lura kiret ɗin lemon da ke ƙarewa duk sati yana nan kusan a cike, ba wai na hana kaina bane, kawai in na ci kofin nan bayan la'asar sai in ji bana sha'awarsa. Na faɗa wa ƙanwata ina murna, ita kuma ta dafe kai tace Yaya kin ɓata mana gwaji amma kin gyara jikinki, ci gaba. Ta lissafa min, kwalba ɗaya ta 35cl sugan cikinta ya kai wajen gram 35, kusan cokalin shayi tara, kofin sitiroberi kuwa sugansa wajen gram 7 ne, ƙarfin abincinsa bai kai kalori 50 ba, ga bitamin C kusan miligram 90 wanda ya ishi babbar mace na yini guda. Bayan gida ma ya daidaita, da ina yin kwana biyu ban zaga ba.

A cikin watan ne wata kwastoma ta ganni ina ci ta tambaya na bata labari, washegari sai gata da kwalbar wasu ƙwayoyi da take sayarwa, wai antiyoksidan ne zalla daga waje, ƙwaya ɗaya ta fi kwandon sitiroberi, har da wata lamba a jiki ta dubbai. Kuɗinsa ya kai na sitiroberin wata biyu. Naji kwaɗayin abin dan ba wanki ba firiza ba zuwa Vom, na tura wa ƙanwata hoto. Tace lambar nan a kwalbar gwaji ake samunta ba a jikin mutum ba, ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta taɓa wallafa jadawalin irin waɗannan lambobin na abinci, a 2012 ta cire shi saboda 'yan kasuwa na ruɗin mutane da shi kuma baya nuna abin da ke faruwa a jiki. Ta kuma bani labarin binciken Finlan da aka buga a 1994, maza masu shan sigari wajen 29,000, waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, wanda shima antiyoksidan ne, kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100 maimakon ta ragu. Jikina ya yi sanyi, na mayar wa kwastomar da kwalbarta nace Hajiya ki yi haƙuri. Ina faɗin wannan ne dan na san yadda ake bin mata masu jiki da irin waɗannan kayan a WhatsApp, an san muna cikin damuwa, kuma abin yana min ciwo.

Ranar kwana na 29 na koma ban karya ba aka sake ɗiban jini, bayan kwana biyu Malam yace in zo in gani da idona tunda naga ina da son sani. Ya fito da kwalaben biyu, na farko da na biyu, kowanne ya raba gida uku dan a auna sau uku a ɗauki tsakiya. Na MDA ɗin ya zuba wani sinadari ya sa a ruwan zafi ya dahu, ruwan ya koma kalar hoda mai haske, yace iya yawan tsatsar iya turin kalar. Ni da ido da ƙyar na ga bambanci, na'urar auna kala ce ta karanta. Zuciyata sai bugawa take kamar ranar da ake fito da sakamakon jarabawar yara.

MDA ya sauka. SOD ya ɗan hau. Jimillar ƙarfin antiyoksidan shima ya ɗan hau amma kaɗan. Wato duka ukun sun bi hanyar da binciken Amurkan nan ya nuna, na ce alhamdulillahi har ƙwalla ta zo min. Malam ya barni na gama murna sannan yace "Hajiya zauna in faɗa miki gaskiya." Yace mutum ɗaya ba bincike bane, su can mutum 33 ne kuma kowa ya sha na bogi an gwada, ni kuwa ba a gwada ni da komai ba, ga lemon da na daina wanda shi kaɗai zai iya rage tsatsar, ga shi gwajin kalar hodar nan yana kama wasu abubuwan ban da MDA, na jimillar kuma sinadarin yurik asid da ke cikin jini yana ɗaga shi ko ba sitiroberi. Yace ko barcin da kika yi daren jiya da mura in kina yi suna taɓa waɗannan lambobin. Abin da zai iya cewa kawai jinin da aka ɗiba na biyu ya fi na farko kyau, kuma abin da na yi a tsakani ba mai cutarwa bane. Naji daɗin maganarsa fiye da a ce ya yi min kirari, dan da na fita ina gaya wa mata cewa na samo magani.

Wajen likita kuma sikeli ya nuna 93.2, wato ko kilo ɗaya ban sauke ba, ciki 107, awon jini 132 bisa 85, suga 5.7, LDL kusan yana inda yake. Ƙanwata ta riga ta faɗa min dan haka ban karaya ba. Likita tace to an gama gwaji ko, yanzu sai a shiga aikin gaske, ta rage min malmalar tuwo zuwa ɗaya ta ƙara min ganye da wake, tace tafiyar minti 30 kwana biyar a sati, kuma in dinga tashi daga kan keke duk bayan awa ɗaya ko da zagaya tsakar gida ne.

Na ci gaba da sitiroberin har wajen ƙarshen Maris da ya fara wuya ya yi tsada, zafi na shigowa yake ja baya. Daga nan na koma zobo, dan ƙanwata tace jan nan nasa shima antosayanin ne, dangi ɗaya da na beri, har akwai binciken Jami'ar Tufts na 2010 da mutum 65 suka shiga, masu shan kofi uku kullum na sati shida awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Amma fa ba zobon biki ba da ake juye masa suga da filebo, nawa da citta da kanumfari da ɓawon abarba nake dafawa in sha haka, kuma saida na tambayi likita, tace mai shan maganin hawan jini ya fara tambaya kafin ya maida shi na kullum. Ɗinya in ta fito ina saye, haka gwaiba da kanya da magarya, abubuwan da muka ci muna yara muka watsar da muka girma wai na ƙauye ne.

Yanzu kilo 86 nake, ciki 99, tafiyar bayan asuba da tuwon da na rage ne suka yi wannan, mu uku muke fita da maƙwabtana. Yayata ta fara takawa da sanda, hannun dama ne har yanzu bai dawo ba, likitanta ya yarda a dinga bata sitiroberin, nakan markaɗa mata da kindirmo dan haɗiya na bata wahala. Maman Chaha tace in sanyi ya shigo wajen Disamba in zo da wuri kafin masu motocin Abuja su iso, zata ware min ƙananan, wannan karon na mutum biyu zan saya.